Tarihin Damagaram a gidajenta da makarantunta

Yau hirarmu a kan birnin Damagaram take. Tarihinsa ya shafe mu, don tun ƙarni na 19 ƙasar Sosebaki, har da Dungas da Waca, ta bi sarkin Damagaram.

Garin yana da tsofaffin unguwanni biyu. Birni shi ne mazaunin sarki. Sarki Tanimu, wanda ya rasu a 1884, shi ya kewaye shi da ganuwa. Zango kuwa masaukin fatake ne, can attajiri Malam Yaro ya zauna. Gidajen na ƙasa ne, da zanko bisa soro, da zane a fuskar zaure.

Faransawa sun ci garin a 1899, zamanin Sarki Amadu Kuran Daga. Daga baya aka sa wa babbar lakwal sunansa. Jami'ar garin kuma an ba ta sunan André Salifu, masanin tarihi, wanda aka haifa can a 1942.

Makaranta tana riƙe suna, amma gidan ƙasa in ya rasa yaɓe, ruwan damina sai ya kada shi, labarinsa ya ɓace. To, ku da kuka iya rubutu, ku tambayi tsofaffi wa ya gina gidanku, ku rubuta don ƴaƴanku.