Daga Farin Allo Zuwa Baƙin Allo

Tun kafin zuwan Turawa, garin Kura ya yi suna a kan launi. Marinansa da masu bugu ne ke fitar da turkuɗi da rawani ɗan Kura, mai baƙin shuɗi da ƙyalli, wanda Buzaye ke saye har Agadas. Amma a makarantun allo na garin, launi biyu kacal ke aiki: farin katako da baƙar tawada. Ja da kore da rawaya sai ranar sauka, a jikin zayyana.

Ilimin boko, wanda ya kafu a Kano da makarantar da Hanns Vischer, wato Ɗan Hausa, ya buɗe a Nasarawa a 1909, ya juya wannan tsari. Allo ya zama baƙi, rubutu ya zama fari, kuma allon ya tashi daga cinyar ɗalibi ya hau bango. Daga nan karatun yaron da ke bencin baya ya rataya a kan hasken ɗakin da duhun allon.

A ƙauyukan Kura da Bunkure, wannan sauyi ya bazu ne tare da noman rani. An kammala madatsar Tiga a 1974, ruwa ya shiga gonakin Kadawa, sannan a 1976 gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da shirin ilimin firamare kyauta. Aka yi ta gina azuzuwa cikin gaggawa: bulo, rufin kwano, da allon siminti da ake shafa wa baƙi. Inda aka samu fenti, akan sa mai duhu a ƙasan bango don ya ɓoye dauɗa, mai haske a sama don ya baza hasken taga. Idan ƙurar hunturu da garin alli suka koɗe allon, malamai kan farfaɗo da shi da gawayi ko baƙin cikin tsohon batir.

Binciken da Jami'ar Salford ta Ingila ta wallafa a 2015, kan azuzuwa 153 a makarantu 27, ya nuna cewa launi na cikin abubuwan da ke shafar ci gaban ɗalibi. Bango mai haske da ɗan launi a gefe guda ya fi farin ɗaki fayau, ya kuma fi ɗakin da aka cika da ado.

Don haka ƙungiyar tsofaffin ɗalibai da ta tara kuɗin fenti, kafin ta ƙawata katangar da ke kallon titi, ta fara zama a bencin baya ta dubi allon.