Félix Éboué: Gwamnan Chadi da ya ƙi bin Marshal Pétain a 1940

Félix Éboué (1884–1944) jami'in mulkin mallakar Faransa ne, baƙar fata, wanda yake riƙe da kujerar gwamnan Chadi lokacin da Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke. A ranar 26 ga Agusta, 1940, ya bayyana cewa Chadi ba za ta bi gwamnatin Marshal Philippe Pétain da ta ajiye makami a gaban Jamus ba, za ta ci gaba da yaƙi a ƙarƙashin Janar Charles de Gaulle. Da wannan shawara Chadi ta zama ƙasa ta farko a Afirka da ta shiga tafiyar da aka sani da Faransa Mai 'Yanci. Tarihinsa ya nuna yadda farar hula guda, a wani lungu mai nisa na daula, ya sauya lissafin manyan janar-janar, ya kuma nuna iyakar abin da 'yan Afirka suka samu bayan an ci nasara.

Asalinsa da aikinsa

An haifi Éboué a ranar 26 ga Disamba, 1884, a Cayenne, babban birnin Giyana ta Faransa da ke Kudancin Amurka. Kakanninsa bayi ne da aka 'yanta. Ya yi karatun sakandare a Bordeaux, daga nan ya shiga makarantar horar da jami'an mulkin mallaka a Paris. Ya shafe kimanin shekara 20 yana aiki a Ubangi-Shari, wadda a yau ake kira Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya, inda ya koyi harsunan mutanen yankin, ya kuma yi rubuce-rubuce a kan al'adunsu. Yana cikin jami'an da suka yaɗa noman auduga a ƙasar, noman da hukuma ta ɗora wa manoma a kan dole.

Bayan ya yi aiki a tsibirin Martinique da kuma ƙasar da yanzu take Mali, an naɗa shi gwamnan Guadeloupe a 1936. A 1938 ministan ƙasashen mallaka, Georges Mandel, ya tura shi Chadi saboda fargabar yaƙi da ke ƙaratowa, domin Chadi na maƙwabtaka da Libiya wadda ke hannun Italiya ta Mussolini. Ya isa Fort-Lamy, wato N'Djamena ta yau, a farkon 1939.

Shugabanni biyu, Faransa ɗaya

A ranar 10 ga Mayu, 1940, Jamus ta ƙaddamar da farmaki a yammacin Turai, kuma cikin mako shida rundunar Faransa ta wargaje. Aka damƙa gwamnati a hannun Pétain, dattijo mai shekara 84, wanda Faransawa suke girmamawa tun da ya kare Verdun a 1916, a Yaƙin Duniya na Ɗaya. Ya nemi sulhu, aka sa hannu a ranar 22 ga Yuni. A ranar 10 ga Yuli 'yan majalisa 569 suka kaɗa ƙuri'ar ba shi cikakken iko, 80 kacal suka ƙi. Gwamnatinsa ta zauna a garin Vichy, ta kuma ɗauki hanyar haɗin kai da Hitler.

De Gaulle kuwa, wanda ya taɓa zama ƙaramin hafsa a ƙarƙashin Pétain, ba shi da irin wannan suna. Shekarunsa 49, sabon birgediya janar ne, kuma ƙaramin minista na ɗan gajeren lokaci. Ya tsere zuwa Landan, inda a ranar 18 ga Yuni ya yi kira ta rediyon BBC da a ci gaba da yaƙi. Ba shi da runduna ta a zo a gani, ba shi da ƙasa ko taku ɗaya, kotun soja ta Vichy kuma ta yanke masa hukuncin kisa a bayan idonsa. Harin da jiragen ruwan Ingila suka kai wa na Faransa a Mers el-Kébir a ranar 3 ga Yuli, wanda ya hallaka sojojin ruwa kusan 1,300, ya ƙara sa hafsoshin Faransa ƙyamar duk wanda ya raɓi Ingila.

Saboda haka kowane gwamna a daular ya tsinci kansa tsakanin umarnin hukuma da abin da zuciyarsa ta gaya masa. Mafi yawansu suka bi umarni. Pierre Boisson, tsohon sojan da ya rasa ƙafa a yaƙin farko, wanda shi ne shugaban Éboué a Brazzaville, ya karɓi babban muƙami a Dakar, ya riƙe wa Vichy dukan Afirka ta Yamma ta Faransa, har da Nijar.

Lissafin gwamnan Chadi

Dalilan Éboué sun haɗa da aƙida da kuma sanin ƙasa. Mutum ne da ya yi imani da jamhuriyar da ta soke bauta a 1848, kuma yana sane da irin kallon da aƙidar Nazi take yi wa baƙar fata. Ta fuskar tsaro, bin Vichy na nufin buɗe wa Italiya ƙofa daga arewa, ƙasar da tun 1935 take da ido a kan yankin Aouzou. Ta fuskar tattalin arziki kuwa, Chadi ba ta da teku, audugarta da shanunta da yawancin kayan da take shigowa da su sun dogara da hanyar Najeriya. Rufe wannan iyaka daidai yake da shaƙe ƙasar. Shi ya sa tun a watan Yuli ya fara tuntuɓar hukumomin Ingila a Najeriya, inda Gwamna Bernard Bourdillon ya nuna shirin taimakawa.

Shawarar ba ta zo da sauƙi ba. 'Ya'yansa suna Faransa a lokacin, biyu daga cikinsu sojoji ne da suka faɗa hannun Jamusawa. Hafsoshin da ke Chadi ma kansu a rabe yake. Éboué ya bi a hankali har ya shawo kan kwamandan sojojin ƙasar, Kanar Pierre Marchand, domin ya san cewa sanarwar gwamna ba tare da bariki ba magana ce kawai. Da wakilin De Gaulle, René Pleven, ya iso Fort-Lamy, sai aka yi sanarwar a ranar 26 ga Agusta, gwamna da kwamanda suna tsaye wuri ɗaya. Vichy ta tsige shi, ta kuma yanke masa hukuncin kisa a bayan ido.

Washegari, 27 ga Agusta, wani hafsa mai suna Philippe Leclerc, wanda ya tsallako cikin kwale-kwale da mutane ƙalilan daga ɓangaren Kamaru da ke hannun Ingila, ya karɓe Douala. A ranar 28 ga wata Brazzaville ta faɗa hannun magoya bayan De Gaulle, Ubangi-Shari ta biyo baya. Gabon ce kaɗai sai da aka gwabza kafin a karɓe ta a watan Nuwamba. Muhimmancin waɗannan kwanaki ya ƙara fitowa fili a ƙarshen Satumba, lokacin da De Gaulle da sojojin ruwan Ingila suka yi yunƙurin kama Dakar, Boisson ya kore su da luguden wuta. Ba don Chadi da maƙwabtanta ba, da De Gaulle ya koma Landan hannu rabbana.

Tasirin shawarar a fagen yaƙi

Amfani na farko ya shafi sararin sama. Tekun Bahar Rum ya zama mai haɗari ga jiragen ruwan Ingila, don haka aka riƙa sauke jiragen yaƙi a cikin akwatuna a Takoradi ta Ghana, a harhaɗa su, su tashi ta Legas, Kano, Maiduguri, su ratsa Chadi zuwa Sudan, daga Khartum su gangara Masar. An fara bin hanyar a Satumban 1940, kuma jirage fiye da 5,000 suka bi ta kafin ƙarshen 1943. Da Chadi tana hannun Vichy, da tsakiyar wannan hanya ta zama ƙasar abokan gaba. Jamusawa sun fahimci haka, har wani jirginsu ya keto hamada ya jefa bama-bamai a filin jirgin Fort-Lamy a Janairun 1942.

Amfani na biyu shi ne fagen daga. Daga arewacin Chadi Leclerc ya tashi da 'yan ɗaruruwan sojoji, mafi yawansu 'yan Afirka, ya ƙwace dausayin Kufra a kudancin Libiya daga hannun Italiya a ranar 1 ga Maris, 1941. Rundunar ta mamaye Fezzan, ta haɗu da sojojin Ingila a Tripoli a Janairun 1943. Wata bataliya daga Ubangi-Shari kuma tana cikin waɗanda suka tare sojojin Rommel a Bir Hakeim a 1942. Sai dai lokacin da Leclerc ya shiga Paris a Agustan 1944, an riga an zare baƙaƙen sojojin daga rundunarsa tun kafin ta bar Afirka.

Gwamna janar da iyakar sauyinsa

A ranar 12 ga Nuwamba, 1940, De Gaulle ya naɗa Éboué gwamna janar na ƙasashen Faransa huɗu na tsakiyar Afirka, da hedikwata a Brazzaville, birnin da ya zama fadar Faransa Mai 'Yanci. A Nuwamban 1941 ya fitar da takardar sabuwar manufa, wadda ta nemi a girmama sarakunan gargajiya da al'adun jama'a, a kuma ba 'yan boko matsayi na musamman. Tsarin ya yi kama da mulki ta hannun sarakuna da Turawan Ingila suka gudanar a Arewacin Najeriya.

Amma yaƙi yana cin kuɗi da mutane, kuma talakawa ne suka biya. A ƙarƙashin gwamnatinsa aka matsa wa ƙauyuka su kawo roba daga daji, aka ƙara haƙar zinariya, aka ɗebi leburori don gina hanyoyin kai kayan yaƙi arewa. Aikin tilas bai tsaya ba. Éboué bai taɓa neman 'yancin kan ƙasashen Afirka ba, burinsa daula mai adalci ce a ƙarƙashin tutar Faransa.

Taron Brazzaville, wanda aka yi daga 30 ga Janairu zuwa 8 ga Fabrairu, 1944, ya tabbatar da wannan iyaka. Gwamnoni ne suka zauna, babu wakilin jama'ar Afirka ko ɗaya a teburin. Taron ya ba da shawarar kawo ƙarshen aikin tilas sannu a hankali da ba 'yan Afirka kujeru a majalisar Faransa, amma ya kore batun mulkin kai ƙarara, ko da nan gaba mai nisa. Sai a Afrilun 1946 aka soke aikin tilas, ta dokar da ɗan majalisa Félix Houphouët-Boigny na Kwaddibuwa ya gabatar. Kafin nan, a ranar 1 ga Disamba, 1944, sojojin Faransa sun buɗe wuta a barikin Thiaroye kusa da Dakar kan sojojin Afirka da suka dawo daga sansanonin fursuna suna neman haƙƙoƙinsu na albashi. Hukuma ta amsa mutuwar 35, masana tarihi da dama na ganin adadin ya zarce haka nesa.

Rasuwarsa da yadda ake tunawa da shi

Éboué bai ga ƙarshen yaƙin ba. Ya rasu a Alƙahira a ranar 17 ga Mayu, 1944, yana da shekara 59. A ranar 20 ga Mayu, 1949, aka mayar da gawarsa Panthéon, makwancin gwarazan Faransa a Paris, kuma shi ne baƙar fata na farko da aka karrama haka. Matarsa Eugénie ta zama 'yar majalisar Faransa, 'yarsa Ginette kuma ta auri Léopold Sédar Senghor a 1946. Pétain, wanda ya yi wa gwamnatinsa tawaye, an yanke masa hukuncin kisa a 1945 bisa laifin cin amanar ƙasa, De Gaulle ya sassauta zuwa ɗaurin rai da rai.

Har yau akwai babbar makarantar sakandare mai sunan Éboué a N'Djamena, filin jirgin saman Cayenne ma sunansa yake ɗauke da shi. Masu yabonsa suna kallon mutumin da ya yanke hukunci daidai a lokacin da manyansa suka karaya, ya kuma fara tabbatar da goyon bayan sojoji da hanyar abinci kafin ya buɗe baki. Masu sukarsa suna tuna cewa ƙwazonsa ya ceci daular da ta ci gaba da mulkin Chadi har zuwa 11 ga Agusta, 1960. Sansanin sojan Faransa a N'Djamena ya daɗe fiye da haka, domin sai a Janairun 2025 sojojinta na ƙarshe suka fice, bayan gwamnatin Chadi ta soke yarjejeniyar tsaron da ke tsakanin ƙasashen biyu.