Zafin Lantarki: Daga Joule Zuwa Bakolori

A shekarar 1827 Bajamushe Georg Ohm ya bayyana yadda waya take turje wa lantarki. A 1841 James Joule na Ingila ya nuna cewa turjiyar nan zafi take haifarwa, kuma in kwararar lantarki ta ninku biyu, zafin huɗu yake ninkuwa. Saboda haka ne ake ƙayyade wa kowace razista wat ɗin da za ta jure. Mai om 250 da rubu'in wat tana ɗaukar miliamfiya 20 lafiya lau. A ba ta 40, sai zafin ya fi ƙarfinta, tana iya ƙonewa.

Da aka kammala madatsar Bakolori a 1978, aka kafa famfunan lantarki na ban-ruwa, dokar nan ta iso ƙasar Janbako: injin da ya ƙone da rani, gonar talaka ce ta bushe.