Kadarko, tabki da kifi: abin da tarihin hanyar Tabalak ke koya mana



Duk shekara in damina ta kankama, kiran da ya fi yawa a shirinmu shi ne na kadarko. Wannan ya ce ƙorama ta cinye gefen hanyarsu, wancan ya ce mota ba ta shiga garinsu yau kwana goma. Bana wani dattijo ya bugo daga arewa, ransa a ɓace. Ya ce sun nemi a gyara masu kadarko, anka ce sai an yi binciken muhalli tukuna, don ƙoramar tana zuba cikin tabki mai kifi. Sai ya tambaye ni: "To yanzu kihi ya hi mutum ke nan?" Lokacin shiri ya ƙare ban ba shi amsa mai gamsarwa ba. Shi ya sa na zauna na rubuta wannan, kuma zan ɗauki Tabalak misali, don kowa ya san ta.

Tabalak tana wajen kilomita 50 daga Tahoua, bisa hanyar Abalak da Agadez. Wanda ya taɓa bin hanyar ya san yadda tabkin ke bayyana kwatsam bayan duwatsu da tudun rairai, ga garakan albasa a bakin ruwa, ga raƙuma da shanu sun zo sha, ga mata da soyayyen kifi suna tarbar motoci. Kwaltar tana bi ta bakin tabkin, tana ƙetare ƙoramun da ke kawo masa ruwa. Ke nan hanya da ruwa maƙwabtan juna ne a nan, abin da ya taɓa ɗaya sai ɗayan ya ji.

Mu fara da hanyar. Ba don Tabalak anka shimfiɗa ta ba. An kafa kamfanin SOMAÏR a 1968, ya fara fitar da uranium a Arlit a 1971, COMINAK kuma ta biyo baya a 1978. Kaya masu nauyi suna shiga arewa, ƙarfe yana fitowa zuwa tashar ruwan Kwatano, ga shi babu kwalta. Sai a zamanin Seyni Kountché, tsakanin 1976 da 1980, anka yi hanyar Tahoua zuwa Arlit, fiye da kilomita 600, wadda har yau ake kira hanyar uranium. A wancan lokaci Nijar ba ta da dokar da ke tilasta binciken muhalli kafin babban aiki. Injiniya yana auna ruwan da zai wuce ƙarƙashin hanya don kada ya cinye ta, wannan shi ne iyakar damuwarsa. Ba wanda doka ta ɗora wa tambayar ina kifi ke bi.

Duk da haka, hanyar ce ta yi wa kifin Tabalak kasuwa. Kifi ba hatsi ba ne da za a zuba rumbu. In an kama shi da asuba, ko ya kai kasuwa kafin rana ta yi zafi, ko a soya, ko a banda shi, ko ya lalace. Da kwalta ta zo, ɗanyen kifi ya samu kai Tahoua da safe, matafiya na Agadez sunka zama masu saye na kullum. Masunci da direban kamyo, tun ran nan abincinsu ya haɗu.

Shekarun nan kuma su ne na fari. Bayan na 1973 da na 1984, hukumomi sunka maida hankali ga tabkuna: noman rani a bakinsu, da zuba irin kifi a cikinsu don mutane su samu abin yi bayan girbi. Ma'aikatan gandun daji, waɗanda muka sani da Eaux et Forêts, su ke ɗauko ƴaƴan kifi daga wani ruwa su zuba cikin wani. A 1984 ne kuma anka fara babban aikin Keita da kuɗin Italiya, inda jama'a, galibinsu mata, sunka jera duwatsu bisa fako, sunka dasa miliyoyin itatuwa. Abin da Keita ta nuna wa Adar duka shi ne, in ba a tare ruwa tun daga tudu ba, zai sauko da rairai ya cike fadama da tabki. Ku riƙe wannan batu na rairai, za mu komo kansa.

Sai doka ta iso, bayan hanya da shekaru. Akwai wata yarjejeniyar duniya ta kare tabkuna da fadamu da anka sa wa hannu a garin Ramsar na ƙasar Iran a 1971. Nijar ta shiga cikinta a 1987, da gandun dajin W. A ƙarshen 1998 anka fitar da dokoki biyu. Ta farko, mai lamba 98-042 ta ranar 7 ga Disamba, ita ta tsara su: ta ce sai da takardar izini, ta hana kama kifi da guba ko abin fashewa, ta hana raga mai ƙananan ido da ke kwashe ƴaƴa, ta hana ɓata wurin da kifi ke ƙwai. Ta biyu, mai lamba 98-56 ta ranar 29 ga Disamba, ita ce uwar dokar muhalli, wadda ta ce babban aiki sai an binciki abin da zai jawo wa ƙasa da ruwa. A watan Satumba na 2005 anka sa tabkin Tabalak da na Dan Doutchi cikin jerin wuraren Ramsar. A 2018 doka mai lamba 2018-28 ta sake tsara binciken muhalli, kuma ofishin BNEE ne ke duba takardun. Wannan shi ne asalin binciken da anka faɗa wa dattijonmu. Kadarkon da anka gina ba tare da an tambayi kowa ba, yau in za a sake shi sai an yi tambaya.

Yanzu wane kifi ne ake karewa? Mu faɗi gaskiya, tarwaɗa da karfasa ba su kusa ƙarewa a duniya ba, kogin Kwara da tabkin Chadi suna da su. Amma Tabalak ba ta haɗe da wani kogi. Ruwan sama ne kaɗai ke cika ta. In wani irin kifi ya ƙare a ciki, ba inda zai biyo ya dawo, sai an ɗauko shi da mota an zuba. Shi ya sa abin da yake banza a Gaya yake da tsada a nan.

Kowane kifi da halinsa. Giwan ruwa, wanda masu Faransanci ke ce wa kapiten, yana son ruwa mai zurfi, shi ke fara mutuwa in tabki ya janye ya yi zafi. Karfasa namijin ke haƙa ɗan gurbi a rairan bakin ruwa, macen ta ɗauki ƙwan cikin bakinta har ya ƙyanƙyashe. Tarwaɗa da farkon damina take haurawa cikin ciyawar da ruwa ya malale, can take zuba ƙwai. Gaiwa kuwa, ikon Allah, tana shaƙar iska, in ruwa ya ƙafe sai ta nutse cikin laka ta lulluɓe kanta da yauƙi, ta yi watanni tana jiran ruwan sama. Kun ga duk rayuwarsu a bakin ƙorama da gefen tabki take, daidai inda ake aikin kadarko.

Ga yadda gyara ke iya yin ɓarna. In an zo aiki tsakiyar damina, dole a tare ƙorama ko a karkata ta, daidai lokacin da tarwaɗa ke haurawa. In an sa bututu ƙarami don rage kuɗi, ruwa zai fito da ƙarfi ya haƙa rami a bayansa, bakin bututun ya koma sama, kifi ba ya iya tsallakawa. In an kwashi laka da rairai a gefen tabki don cike hanya, an kwashe gaiwa da gurbin karfasa tare. Sai kuma baƙin mai da ruwan siminti da ake wankewa a bakin ruwa.

Amma barin kadarko a karye shi ma ba alheri ba ne ga kifi. Duk ƙasar da ruwa ya yaga daga jikin hanya, da ta ratsen da motoci ke buɗewa a gefe, cikin tabki take ƙarewa. Rairan nan shi ke rage zurfi, zurfi in ya ragu ruwa ya ƙafe da wuri, giwan ruwa ya tafi. Rairan ne kuma ke toshe bakin kadarko, ruwa ya rasa hanya ya hau bisa kwalta ya yanke ta. Abu guda ke kashe su biyun. Ɓangaren mutane kuwa ba sai na faɗa ba. Mai naƙuda da za a kai asibitin Tahoua ba ta jiran takarda. A damina ta 2024 mun ga yadda ruwa ya yanke manyan hanyoyin shiga Yamai, babban birni ma ya ji a jikinsa, balle ƙauyen da ke da hanya guda.

Wannan gardama ba mu kaɗai ta sama ba. A Amurka, a 1973, an gano wani ɗan kifi da bai wuce tsawon yatsa ba a kogin da ake gina madatsar Tellico, jihar Tennessee. A 1978 kotun ƙolin ƙasar ta tsaida aikin, alhali an kusa gamawa, don dokar kare halittun da ke shirin ƙarewa. A 1979 majalisa ta cire madatsar daga ƙarƙashin dokar, anka ƙarasa ta. Kifin an kai shi wasu koguna, ya rayu, a 2022 anka fidda shi daga jerin masu haɗari. Shekaru na shari'a da hasarar kuɗi, don tambayar ta zo bayan an zuba siminti. A jihar Washington kuma, ƙabilun asali sun kai ƙara kan bututun ƙarƙashin hanyoyi da ke tare kifin salmon, kotu ta ce a sake su, hukuncin ya tabbata a 2018. Gyaran abin da anka gina ba daidai ba ya fi gina shi daidai tsada nesa ba kusa ba.

Mu a Adar Allah ya ba mu abin da waɗancan ba su da shi: ƙoramunmu a bushe suke wata bakwai ko takwas a shekara. Daga Nuwamba zuwa Mayu ana iya aikin kadarko ba a tare wa kifi hanya ba. Matsalarmu ita ce ba mu tuna kadarko sai ya faɗi a watan Agusta, sannan kowa ya tashi da gaggawa, mai doka ya ce a jira, mai hanya ya ce ba jira. Da a ce ƙananan hukumomi suna zagayawa bayan girbi su ƙidaya kadarkon da ya tsage, a yi bincike da sanyi, a yi aiki da bazara, da takardar ba ta tsaida kowa ba. Kuma a zauna da sarkin ruwa da masunta, su sunka san bakin ƙoramar da kifi ke bi da inda gaiwa ke kwanciya, su nuna inda ba za a kwashi ƙasa ba. In ruwa ya riga ya yanke hanya, a buɗa ta wucin gadi nan take don marasa lafiya da abinci, babban aikin ya jira rani.

COMINAK ta rufe a watan Maris na 2021, amma hanyar da anka yi dominta tana nan, mu ke binta, gyaranta kuma zai ci gaba da zuwa yanki yanki. Baba mai kira, amsarka ke nan: kihi bai hi mutum ba. Sai dai kifin nan shi ne kuɗin maganin wani da kuɗin lakwal na ɗan wani, kuma kadarko mai faɗin baki da kifi zai wuce ta ƙarƙashinsa, shi ne wanda ruwa ba zai ɗauke maku baɗi ba. Ku je wurin magajin garinku tun watan Nuwamba, ku tambayi ranar da za a fara binciken, ku bugo mana mu faɗa a iska.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya kiyaye matafiya.