Nazari Kan Lissafin Miƙaƙƙen Layi da Manhajojin Warware Shi

Gabatarwa

Duk mai sana'a yana fama da tambaya guda: da ɗan abin da ke hannunsa, ta wace hanya zai ci riba mafi yawa, ko ya kashe kuɗi mafi ƙanƙanta? Lissafin miƙaƙƙen layi shi ne reshen ilimin da ke amsa ta. Akan rubuta manufa da alƙaluma, a jera iyakokin da suka ɗaure ta, kamar jari da lokaci da kayan aiki, bisa sharaɗin cewa komai yana ƙaruwa daidai wa daida: kuɗin buhu biyu ninkin na buhu ɗaya ne.

Asalin Fannin

A 1939 Leonid Kantorovich na Tarayyar Sobiyet ya shimfiɗa tushen fannin yayin da yake nazarin rabon aiki tsakanin injinan masana'antar katako. A 1947 George Dantzig, wanda a lokacin yake aiki da rundunar sojan saman Amurka, ya fito da dabarar simfuleks. Hikimarta ita ce amsa mafi kyau, in akwai ta, ana samun ta a wata kusurwa ta filin da iyakokin suka zana. Saboda haka sai a riƙa tsallakawa daga kusurwa zuwa wadda ta fi ta, har a rasa ta gaba. A 1984 Narendra Karmarkar ya kawo wata hanya mai ratsa tsakiyar filin.

Rawar da Manhaja Ke Takawa

Matsalar abinci ta George Stigler ta isa misali. A 1945 ya nemi cima mafi araha daga nau'o'in abinci 77 da za ta cika bukatun jiki 9, ya kirdadi dala 39.93 a shekara. Da aka bi ta da simfuleks a 1947, ma'aikata 9 da injinan lissafi na hannu suka yi aikin da ya kai kwana 120 na mutum ɗaya, suka sami dala 39.69. Yau manhajoji irin su CPLEX, Gurobi, GLPK, ko Solver na cikin Excel kan gama wannan kafin ƙiftawar ido.

Masu haɗa abincin kaji suna cin wannan gajiyar. Masara tana da furotin kusan kashi 9 cikin ɗari, tunkuzar waken soya kusan 44. Wanda ke son kilo 100 mai kashi 18 zai bukaci masara wajen kilo 74 da soya 26. Da zarar dusa, ƙuliƙuli da garin ƙashi sun shigo, kowanne da farashinsa, lissafin ya fi ƙarfin takarda. Manhajar takan kuma nuna nawa kuɗi zai ragu in aka sassauta wata iyaka, wanda sau da yawa ya fi amsar kanta amfani.

Sai dai manhaja ba ta san abin da ba a faɗa mata ba. Cimar Stigler ta tsaya kan fulawa, madarar gwangwani, kabeji, alayyafo da busasshen wake, domin ɗanɗano ba ya cikin sharuɗɗan. Haka nan tsohon farashi ko iyakar da aka manta kan haifar da amsar da ta yi daidai a allo amma ta gagara aiki a gona.

Kammalawa

Kwamfuta ta ɗauke wahalar ƙidaya, amma tsara matsala da tantance alƙaluma suna nan a wuyan mutum. Ya kamata malaman lissafi da na aikin gona su fi ba wannan ɓangare ƙarfi wajen koyar da ɗalibai.