Fentin Ruwa da Ƙaron Barno

Fentin ruwa, wanda ake sayarwa cikin ɗan akwatin kwano ko na roba a shagunan littattafai na Maiduguri, haɗi ne na abubuwa kaɗan: garin launi, da ƙaro, da ɗan zuma ko gilisarin don kada ya bushe ya tsattsage. Idan aka jiƙa burushi aka shafa a kan ƙwayar fentin, ƙaron yana narkewa ya ɗauko launin. Da ruwan ya bushe a kan takarda, sai ƙaron ya riƙe launin a wurin. Saboda haka ƙaro shi ne jigon wannan fenti, kuma mafi kyawunsa daga itacen dakwara yake fitowa, wanda ke tsiro a yankin Sahel tun daga Senegal har Sudan. Barno da Yobe da Jigawa suna cikin wannan yanki. Bayan ɗaukewar damina ake sassaƙe bawon itacen, a bar shi 'yan makonni ya tsatso, sannan a bi a tsince dunƙulen da suka daskare.

Tun kafin a san akwatin fenti a ƙasar, marubutan Alƙur'ani na Barno sun daɗe suna aiki da wannan dabara. Tawadarsu ta gawayi ce ko ta 'ya'yan bagaruwa, kuma da ƙaro ake ɗaure ta. Baƙaƙe da baƙar tawada ake rubuta su, wasula da ja, hamza da ɗigon rawaya, alamar wasali da kore. Ga kuma zayyanar da ake yi a gefen shafi don nuna hizifi da wurin sujada, da wadda ake ƙawata allo da ita ranar saukar karatu. A ƙarshen shekarun 1950 wani masani mai suna A. D. H. Bivar ya ɗauki hotunan wasu tsofaffin Alƙur'anai na Barno, ɗaya daga cikinsu yana ɗauke da tarihin da ya yi daidai da 1669. Takardar da aka fi rubutu a kanta a ƙarni na 19 daga Italiya take zuwa ta hanyar Tarabulus, mai tambarin jinjirin wata uku. Duk wanda ya duba waɗannan shafuka zai ga cewa gwanayen Barno sun san gwargwadon ƙaron da launi ke buƙata: idan ya yi yawa tawada ta yi ƙyalli ta ɓamɓare, idan ya yi kaɗan ta goge da taɓawar yatsa.

Akwatin fentin kansa a Ingila aka ƙirƙiro shi. A da, mai zane shi ke niƙa launinsa ya kwaɓa da hannu. Wajajen 1780 William Reeves na Landan ya fara sayar da fentin ruwa a dunƙule kamar ƙananan sabulai, wanda ake gogawa a faranti da ruwa, har wata ƙungiyar masu fasaha ta ba shi lambar yabo a 1781. Kamfanin Winsor & Newton, da aka kafa a 1832, ya ƙara gilisarin a 1835, sai fentin ya zama mai laushi, burushi kawai ya isa ya ɗauko shi. Daga nan aka samu akwatin da ke shiga aljihu, murfinsa kuma ya zama wurin gauraya launuka. Ƙaron da Turawa ke amfani da shi a wancan zamani galibi ta Kogin Senegal yake fita, kuma darajarsa a masaƙun buga atamfa na daga cikin dalilan da suka sa Ingila ta ƙwace garin Saint-Louis da ke bakin kogin daga hannun Faransa a 1758.

Kafin kyamara ta yaɗu, zane shi ne hanyar da matafiya ke adana abin da suka gani. Dixon Denham da Hugh Clapperton sun isa Kukawa ta ƙasar Barno a 1823 zamanin Shehu Muhammadu al-Kanemi, kuma littafin tafiyarsu na 1826 ya fito da hotunan da aka ɗauko daga zanen da suka yi a hanya, ciki har da na mahayan Barno. Heinrich Barth ya iso Kukawa a 1851, daga baya kuma mai zane Johann Martin Bernatz ya mayar da zanensa hotuna masu launi. Waɗannan hotuna ido ne na baƙo, amma suna cikin 'yan abubuwan da suka rage masu nuna kamannin birnin kafin rundunar Rabeh ta rushe shi a 1893.

Bayan Shehu Abubakar Garbai ya koma Yerwa, wato Maiduguri ta yanzu, a 1907, makarantun boko ne suka shigo da akwatin fenti aji. A kudu, Aina Onabolu ya yi fafutukar a sa zane cikin manhaja, abin da ya kai ga ɗauko malamin zane Kenneth Murray a 1927. A arewa kuwa, Zariya ce ta zama cibiya daga tsakiyar shekarun 1950, inda ɗalibai irin su Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya suka kafa ƙungiyarsu a 1958. Jami'ar Maiduguri, da aka kafa a 1975, ita ma tana koyar da zane.

Yanayin Maiduguri yana da tasiri a kan aikin. A lokacin hunturu da bazara iska ba ta da laima, fenti kan bushe a kan takarda kafin a gama shimfiɗa shi, sai ya bar shaidar layi. Don haka mai zane kan fara jiƙa takardar, ya zaɓi mai kauri, ya zauna a inuwa. Akwatunan 'yan makaranta masu araha kuma sau da yawa ana cika su da alli da sitaci a madadin ƙaro, shi ya sa launinsu ke dusashewa in ya bushe. Najeriya, tare da Sudan da Chadi, tana cikin manyan masu fitar da ƙaro a duniya, sai dai yawancinsa yanzu masana'antun lemon kwalba da alewa da magunguna ke saye, kaɗan ne ke zuwa wurin masu haɗa fenti.