"Ashe dai ba likita za ki zama ba?"

1/ Ranar da sunana ya fito a sashen kimiyyar gwaje-gwajen asibiti maimakon medisin, kwana biyu ban ci abincin kirki ba. Sau biyu na zana JAMB saboda medisin ɗin nan. Kawuna ya ce, "To 'yata, ashe dai ba likita za ki zama ba?" Yanzu ina aji uku, kuma tarihi ne ya cire min wannan ƙaya. Zare 🧵

2/ Rabe-raben "likitan gaske" da "sauran ma'aikata" ba yau aka fara ba. A 1902 Turawan mulkin mallaka suka kafa rukunin likitocin gwamnati na Afirka ta Yamma, suka ce Bature kaɗai zai shiga. Baƙar fata ko a Ingila ya yi karatu, matsayinsa ƙasa, albashinsa ƙasa.

3/ A 1930 aka buɗe makarantar likitanci a Yaba, Legas. Ka sha wahalar karatu shekara da shekaru, in ka gama a kira ka "mataimakin likita", takardarka kuma ba ta aiki a wajen Najeriya. Kun ga kenan su ma 'yan medisin ɗin an taɓa ce musu ai ku ba likitoci ba ne.

4/ Sai 1948 aka kafa Kwalejin Jami'a ta Ibadan, asibitin koyarwarta kuma aka buɗe shi a 1957. Kafin nan ɗalibi zai fara a Ibadan, sannan a tura shi Ingila ya ƙarasa karatun kan marasa lafiya.

5/ To mu a Arewa fa? Likitanmu na farko shi ne Dakta R.A.B. Dikko, ɗan Wusasa ta Zariya, an haife shi a 1912. Sai da ya je har Jami'ar Birmingham ya samo digirin. Yana cikin waɗanda suka kafa Jam'iyyar Mutanen Arewa. Asibitin Barau Dikko na Kaduna da kuke ji, sunansa ya ci.

6/ An kafa ABU a 1962, tsangayar likitancinta ta fara a 1967, lokacin Farfesa Ishaya Audu, likitan yara, yana shugaban jami'ar. Ku lissafa: Turawa sun ci Kano da Sakkwato a 1903. Shekara 64 kenan babu jami'ar da ke yaye likita a Arewa. Su wa suka riƙe mutane?

7/ Da farko dai waɗanda aka tarar: ungozoma, wanzami, maɗori. Sannan duba-gari. Tun 1932 makarantar koyon tsafta ta Kano take horar da su. Kakata ta ce in aka ji duba-gari ya shigo unguwa, kowace mace randa take rugawa ta wanke, don in ya ga tsutsa a ruwa tara ce.

8/ Akwai kuma malaman asibiti, wato disfensa, da aka riƙa horarwa a Zariya tun shekarun 1930. Su ne a ɗakunan shan magani na En'e a gundumomi. Mutum ɗaya shi ne mai wankin gyambo, shi ne mai allura, shi ne mai ba da magani. Ƙauye da yawa shi suka sani a matsayin "likita".

9/ Wannan shi ya fi taɓa ni. Lokacin da ciwon barci, wanda ƙudan tsando ke yaɗawa, ya addabi ƙasar Zazzau a shekarun 1930, ma'aikata 'yan ƙasa ne ke bin ƙauyuka suna taɓa wuyan mutane, su ɗebi ruwan kaluluwa su duba a madubin likita. Aikin lab kenan, a gindin bishiya.

10/ Saboda ciwon nan aka kwashe mutane a yankin Anchau, aka gina sabon gari mai suna Takalafiya. Haka agana: ku duba damtsen kakanninku za ku ga tabon lamba. Masu lamba ne suka bi gida-gida. A 1980 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanar an kawar da cutar daga doron ƙasa.

11/ Ba raina likitoci nake ba, wallahi. Ƙawayena 'yan medisin na ga irin karatun da suke, ko barci ba sa samu. Amma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. In na yi kuskure wajen gwada rukunin jini, duk ƙwarewar likita ba za ta hana a ƙara wa mara lafiya jinin da zai kashe shi ba.

12/ Don haka ƙanina, ƙanwata, in aikin nas aka ba ka, ko famasi, ko lab, ko lafiyar al'umma, kana da zaɓi. In medisin ce a ranka, sake zana jarrabawa, ba laifi. Amma in ka zauna, ka zauna da zuciya ɗaya. Kar ka shekara biyar kana jin kunyar fannin da rai ke rataye a kansa.

13/ Kawu kuwa, da hutun nan ya kawo min takardar gwajin sugansa, ya ce in karanta masa. Na yi masa bayani, na ce gobe ya koma wa likitansa da ita. Ya ce, "Ke ba za ki rubuta min maganin ba?" Na ce a'a Kawu, ba aikina ba ne 😅

Wa ya taɓa jin labarin duba-gari ko disfensa a garinsu? Ku tambayi tsofaffi, ku ba mu a ƙasa.